Manhajar da Ba Ta Tashi Sai a Kwamfutar Mai Ita

A makon nan zan kauce wa zancen siyasa da tsadar kayan masarufi, in leƙa da ku wani lungu na sana'ar kwamfuta wanda ba a cika ambatonsa a jarida ba, alhali kuwa a cikinsa ne samarinmu da yawa suke asarar kuɗi da mutunci. Abin da ya jawo zancen kuwa, wani al'amari ne da na tarar a Keffi sa'ad da na je gaisuwar ta'aziyya kwanakin baya.

Ƙanen wani abokina ne, ya gama karatun kwamfuta yana zaman jiran tafiya bautar ƙasa. Sai wani Alhaji mai sayar da siminti da kwanon rufi ya ba shi aikin rubuta masa manhajar da za ta riƙa lissafa kayan da suka shigo, da waɗanda suka fita, da bashin da yake bin 'yan kwangila. Suka yi ciniki, Alhaji ya ba da kafin alƙalami. Yaro ya duƙufa wata huɗu, manhaja ta yi kyau, duk wanda ya gani a kwamfutarsa sai ya yaba. Ranar miƙa aiki ya zuba ta a filas, ya nufi shago yana murna. Aka sa a kwamfutar Alhaji, ko motsi ba ta yi ba. Ashe tasa kwamfutar Linux take amfani da ita, ta shago kuwa Windows.

Ya koma gida ya ɗauko asalin rubutun don ya sake harhaɗa manhajar a can. Nan ma aka ce da sauran aiki, domin kayan harhaɗawar babu su a kwamfutar shago. Ya sauko da su daga intanet, sai suka ce akwai waɗansu kayan aro da manhajar ta dogara da su, su ma babu, shi kuwa ya manta abin da ya ɗora wa tasa kwamfutar a cikin wata huɗun nan. Data ta ƙare, aka ɗauke wuta, aka kwana uku ana abu ɗaya. A rana ta huɗu Alhaji ya ce masa, "Yaro, ba na ƙin ka ba ne, amma ni ba zan sayi abin da sai ka zo da kwamfutarka zai yi aiki ba." Ya karɓi kuɗinsa, ya koma wa babban littafinsa da biro. Da yaron yake ba ni labari, cewa ya yi, "Wallahi Yaya, a wurina tana aiki." Gaskiya ya faɗa. Sai dai manhajar da ba ta tashi sai a kwamfutar wanda ya rubuta ta, ba a gama ta ba tukuna.

Yadda ake gina manhaja

Domin mai karatu wanda ba sana'arsa ba ce ya fahimci inda gizo yake saƙa, bari in ɗan yi bayani. Mai rubuta manhaja yana rubutu ne da wani harshe da mutum zai iya karantawa, kamar C ko C++, ita kuwa kwamfuta ba ta jin wannan harshe. Saboda haka akwai wata manhaja da take aikin tafinta, tana juya rubutun zuwa lambobin da injin yake ganewa. Rubutun nan ba a fayil ɗaya yake ba; ƙaramar manhaja tana iya zama fayil 20, babba kuwa dubbai. Lalle ne a fassara kowanne, a san wanda ya dogara da wani, sa'an nan a ɗinke su da kayan aron da waɗansu mutane suka riga suka rubuta, kafin a sami abin da za a latsa ya buɗe. Wannan aiki shi masu sana'ar suke kira gini, kuma sunan ya dace, domin kamar yadda ba a aza rufi kafin a ta da bango, haka nan ma a nan akwai abin da yake gaba da abin da yake baya.

A farkon zamani da hannu ake bin wannan jeri, a kuma yi ta mantuwa. A cikin watan Afrilu na 1976 wani masani mai suna Stuart Feldman, a ɗakin bincike na Bell Labs da ke Amurka, ya rubuta wata manhaja da ya kira Make. Abin da ya tunzura shi, wani abokin aikinsa ne ya ɓata safiya guda yana neman kuskure a manhajar da ya riga ya gyara, ashe ya manta bai sake fassara fayil ɗin da ya taɓa ba. Make kamar helma take a wurin gini. Ana rubuta mata takardar umarni mai suna Makefile, a ce wannan daga wancan ake samunsa, ga kuma yadda ake yi. Ita kuwa sai ta duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, ta sake gina abin da ya canja kaɗai, ta ƙyale sauran. Yau kusan shekara 50 ke nan, har yanzu ana aiki da ita.

Akwai wani ɗan darasi a tarihinta. Feldman ya tsara cewa kowane layin umarni sai ya fara da alamar maɓallin Tab, wadda ido ba ya bambanta ta da tazarar da aka saba bari. Da ya gane abin yana rikita mutane, sai ya ga ai ya riga ya sami masu amfani da ita kamar goma sha biyu, bai so ya ɓata musu aiki ba, ya bar shi haka. Har gobe ɗalibai a duniya duka suna tuntuɓe a kan wannan Tab. Abin da aka aza a tushe, da wuya a cire shi bayan gini ya tashi.

Kowane gari da helmansa

To, amma Make ba ta raba gardama ba, domin kwamfutoci ba iri ɗaya ba ne. Masu Linux da danginta suna amfani da Makefile. Masu Windows galibi da Visual Studio na kamfanin Microsoft suke gini, shi kuwa da irin tasa takardar. Masu kwamfutar Apple suna da Xcode, shi ma da tasa. Tafintocin ma sun bambanta, wurin ajiye kayan aro ya bambanta. Ke nan wanda yake son manhajarsa ta shiga gari uku, sai ya rubuta takardar umarni uku, kuma duk ranar da ya ƙara fayil ɗaya sai ya gyara ukun. In ya manta ɗaya, mutanen garin nan sun shiga uku.

Daga nan ne aka yi dabarar da ta sa na ɗauki alƙalami yau, watau a ƙera manhajar da aikinta shi ne rubuta wa kowane helma takardarsa. A 1991 David MacKenzie ya fara Autoconf domin manhajojin ƙungiyar GNU. Ita tana haifar da wani dogon rubutu mai suna configure, wanda yake bincika kwamfutar da ya sauka a ciki, ya ga wane tafinta ke nan, waɗanne kayan aro ke nan, sa'an nan ya rubuta Makefile daidai da abin da ya tarar. Ta yi amfani ƙwarai a tsakanin ire-iren Unix, amma ba ta saba da Windows ba, kuma rubutun da take haifarwa yakan kai dubban layuka waɗanda ba kowa yake iya karantawa ba. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Wadda ta fi yaɗuwa a yau ita ce CMake, kuma asalinta daga harkar asibiti ne. A 1999 Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka ya ba da kuɗi a rubuta wata manhaja mai suna ITK, ta nazarin hotunan cikin jikin ɗan Adam. Masu aikin suna warwatse a jami'o'i da kamfanoni, kowa da irin kwamfutarsa. Sai Bill Hoffman na kamfanin Kitware ya ƙera CMake, ta fito a shekarar 2000. Mai manhaja zai rubuta takarda ɗaya tak, mai suna CMakeLists.txt. Ga ƙaramin aiki layi uku sun isa: na farko ya faɗi mafi tsufan CMake da za a yarda da ita, na biyu ya faɗi sunan aikin, na uku ya lissafa fayilolin da za a haɗa a sami manhajar. In akwai kayan aro, sai a ƙara layi a ambace su da suna. Daga wannan takarda guda CMake za ta rubuta Makefile ga mai Linux, ta rubuta takardar Visual Studio ga mai Windows, ta rubuta ta Xcode ga mai Apple. Ita kanta ba ta aza bulo ko ɗaya, magatakarda ce. A 2006 masu babban aikin nan na KDE suka bar tsohuwar hanya suka rungume ta, daga nan kasuwarta ta buɗe. Bayanta an sami waɗansu, kamar Premake, da Meson wadda Jussi Pakkanen, mutumin Finland, ya fitar a 2013. Dukansu kyauta ake samunsu, ba a biyan ko kwabo.

Da yaronmu na Keffi ya rubuta irin wannan takarda tun ranar da ya fara aiki, da duk kayan aron da ya ɗauko suna rubuce a wuri ɗaya, ba a cikin kansa ba. Sai dai kada a ɗauka layar zana ce. Ba ta gyara rubutun da tun asali aka ɗaure shi da kwamfuta ɗaya. Alal misali, Linux tana bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, Windows kuwa a al'adarta ba ta bambantawa. Wanda ya sa wa fayil suna da babban baƙi ya kira shi da ƙarami, aikinsa zai tashi a nan ya faɗi a can. Haka nan wanda ya rubuta a cikin manhajarsa cewa bayanan suna cikin jaka kaza a kwamfutarsa, babu magatakardar da za ta cece shi. Maganin wannan ɗaya ne: a gwada gini a wata kwamfuta dabam tun aiki yana ɗanye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu fitar da harsashi

Akwai kashi na biyu na waɗannan kayan aiki, su ne masu shata fili su fitar da harsashi kafin mutum ya rubuta ko layi ɗaya. Ka ba da umarni guda, ka faɗi sunan aikinka, cikin ƙiftawar ido sai ka ga jakunkuna da fayiloli sun jeru: nan wurin rubutu, nan wurin gwaji, nan wurin saiti, ga takardar gini an riga an rubuta. Ruby on Rails, wadda David Heinemeier Hansson na ƙasar Denmark ya fitar a 2004, ita ta yi suna da wannan. Sai Django a 2005, wadda mu 'yan jarida muke alfahari da ita, domin a ofishin wata jarida aka haife ta, a garin Lawrence na jihar Kansas. Ta kwanan nan da samarinmu suka fi so ita ce Flutter ta kamfanin Google, wadda ta fito sosai a Disamba 2018. Umarni ɗaya yake fitar da jakar Android, da ta iPhone, da ta shafin intanet, da ta Windows, da ta Linux, da ta kwamfutar Apple. Wanda ya buɗe jakar Windows ko ta Linux zai tarar da takardar CMake a zaune a ciki, ko da bai taɓa jin sunanta ba.

Amfanin wannan a fili yake. Aikin da zai ci yini biyu ya koma na minti ɗaya. Abin da ya fi wannan ma, tsari ya zama ɗaya, ta yadda in mai aiki ya tafi bautar ƙasa ko ya sami aiki a Legas, wanda ya gaje shi ya san inda zai sami kowane abu, kamar yadda kowane birkila ya san awon bulo mai inci tara.

Amma fa zanen aro ba ya rufe katara. Mutumin da aka fitar wa harsashi bai duba ba, yana zaune ne a gidan da bai san inda aka bi da wayar wuta ba. Ga misali. Sabon aikin Django yana zuwa da wani saiti mai suna DEBUG a kunne, domin ya taimaki mai rubutu ya ga kurakuransa. Masu Django sun yi gargaɗi ƙarara cewa a kashe shi kafin a buɗe shafi ga jama'a, domin in an bar shi, duk baƙon da ya ci karo da kuskure zai ga cikin manhajar da saitunanta. Wanda bai taɓa buɗe fayil ɗin saiti ba, ina zai san da wannan? Haka kuma jakar iPhone da Flutter take fitarwa ba ta zama manhaja sai an gina ta a kwamfutar Apple mai Xcode. Wanda ya yi wa mai kuɗi alkawarin manhajar iPhone don kawai ya ga jakar, ya ɗauko wa kansa rigima. Su kansu kayan suna tsufa. Create React App, wadda kamfanin Facebook ya fitar a 2016, dubban ɗalibai suka koyi aiki da ita, a Fabrairu 2025 masu ita suka ba da sanarwar a daina fara sabon aiki da ita. Wanda ya san abin da take shimfiɗawa ya koma wata ba wahala. Wanda umarnin kawai ya haddace, ya koma ɗan koyo.

Mafi girman gargaɗi ya zo ne ranar 29 ga Maris 2024. Wani injiniya Bajamushe mai aiki da Microsoft, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfutarsa daga nesa ya ƙara jinkiri da kamar rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi, sai ya gano an dasa ɓarauniyar ƙofa a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da take cikin kusan kowace Linux. Wani mai kiran kansa Jia Tan ne ya shafe wajen shekara biyu yana taimakon aikin har aka amince da shi. Ina ya ɓoye makullin? A cikin takardun gini na dangin Autoconf ɗin nan da na ce a riƙe, waɗanda kowa ya saba ganin inji ne yake rubuta su, don haka ba mai karantawa. Allah ya sa aka gano kafin abin ya kai ga yawancin manyan kwamfutocin duniya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, bangon da ya tsage a nan kuwa shi ne takardar da aka ɗauka ba ta cancanci a duba ta ba.

Abin da ya rage gare mu

Me ya sa na damu da Keffi a wannan batu? Keffi garin ilmi ne tun da daɗewa; Kwalejin Gwamnati ta garin ita ta yaye marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Jami'ar Jihar Nasarawa, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Abdullahi Adamu ta fara aiki a 2002, tana yaye masu digirin kwamfuta. Tsakanin garin da Abuja kimanin kilomita 50 ne, watau kasuwar aikin tana bakin ƙofa. Ga kuma shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023, da nufin horar da mutum miliyan 3 a fannonin fasahar zamani. Masu iya rubuta manhaja za su yi ta ƙaruwa. Abin da zai raba wanda za a ɗauka aiki da wanda za a ce ya je a neme shi, shi ne ko aikinsa yana tashi a hannun wani.

Saboda haka ina da shawara ga mutum uku. Ga malamai, a kowace makaranta suke: kada a karɓi aikin ɗalibi na shekarar ƙarshe a kan kwamfutarsa. A ce ya kawo asalin rubutu da takardar gini, a ba wani ɗalibi dabam ya gina a wata kwamfuta, mai aikin yana zaune ya naɗe hannu. In ta tashi a ba da maki. Wannan ba ya bukatar sabon gini ko kasafin kuɗi. Kuma a sa ɗalibi ya rubuta Makefile da hannunsa ko sau ɗaya kafin a nuna masa CMake, kamar yadda ake koya wa yaro lissafi kafin a ba shi kalkuleta. Tun da data tana da tsada, wuta kuma ba ta da tabbas, ya kyautu ɗakunan kwamfuta su sauko da waɗannan kaya sau ɗaya su ajiye, ɗalibai su riƙa kwafa.

Ga samari masu sana'ar: ku yi amfani da masu fitar da harsashi, ba abin kunya ba ne, manyan ƙwararru ma da su suke aiki. Amma ranar da kuka ba da umarnin, ku zauna ku buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ba ku san aikinsa ba ku tambaya. Duk kayan aron da kuka ɗauko, ku rubuta sunansa da lambar fitowarsa a takardar gini nan take, kada ku bari sai gobe.

Ga masu ba da aiki kuwa, 'yan kasuwa ne, ko asibitoci, ko ƙananan hukumomi: sa'ad da za ku biya kuɗin manhaja, ku sa a cikin yarjejeniya cewa za a ba ku asalin rubutun tare da takardar gini, kuma a gina ta a gabanku a kan kwamfutarku. Wanda ya karɓi manhaja ba tare da waɗannan ba, ya sayi gida ne mai makulli ɗaya, makullin kuma yana aljihun magini. Ranar da magini ya yi tafiya, ko aka sami saɓani, ko kwamfuta ta lalace aka sayo sabuwa, sai a sake biyan wani ya faro daga tushe, da kuɗin jama'a in ofishin gwamnati ne.

Shi dai yaron namu, na ji daga wansa cewa ya zauna ya rubuta takardar CMake, layinta bai kai 30 ba. Ya gina manhajar a kwamfutar wani abokinsa mai Windows, ya gano wurare biyu da ya ɗaure ta da jakar kwamfutarsa, ya kwance. Yanzu tana tashi a duka biyun. Ya aika wa Alhaji saƙo sau biyu, Alhaji ya ce a bari sai bayan salla. Wata huɗu ya yi yana rubutu, aikin yini ɗaya da ya tsallake shi ya raba shi da cinikin, kuma samun amincewar ɗan kasuwa karo na biyu ya fi rubuta manhaja wuya.

Allah ya ba samarinmu basira da haƙurin gama abin da suka fara. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.